Gurbi Ɗaya a Takarda

Sun ba ni takarda mai gurbi ɗaya,
suka ce, Luba, ki cike shi kafin Alhamis:
gubar funfuna nawa a kilon hatsi
mutum zai ci, ya kwana, ya tashi,
shekara da shekaru,
hantarsa ba ta kai ƙara ba.

Mako uku ina bin buhuna.
Masarar Kware, geron Gwadabawa,
dawar da ta sauka Kasuwar Kara
bayan ta sha ruwan ƙarshen damina a bayan tirela.
Ina ɗiba a baki, a tsakiya, a gindi,
don ita ba ta san rabon adalci ba:
buhu ɗari lafiya lau,
na ɗari da ɗaya ya ja wa sauran zagi.

Alhaji Sidi ya cika tafinsa ya kai min hanci.
"Shinshina, 'yar boko. Kin ji wari?"
Ban ji ba.
Abin da ke hana ni barci ke nan.
Wanki ba ya fid da ita duka,
tafasa ba ta kashe ta,
sai a ƙarƙashin fitilar ɗakin gwaji
take ƙyalli, shuɗi-shuɗi,
kamar idon kyanwa a bayan randa.

A littafi lissafin ba wuya:
nauyin jiki, yawan ci, a raba,
a rage wani abu saboda tsaro.
Sai dai mutumin da ke cikin littafin
kilo sittin gare shi,
sau ɗaya yake taɓa hatsi a yini,
kuma ban taɓa gamuwa da shi a Mabera ba.
Wanda na sani Modi ne, ɗan ƙanwata,
kilo tara da rabi ranar rigakafi.
Koko da safe, fura da azahar,
tuwo da dare, ɗumame in gari ya waye.
Tun da aka yaye shi
hatsi ne nononsa, hatsi ne namansa.

Na rubuta huɗu.
Sai na ga rabin shagon Alhaji Sidi a waje.
Ba ƙonawa za a yi ba, na sani,
dare zai yi, amalanke ta zo,
jibi a gan shi a kasuwar ƙauye
inda ba mai gwaji, mudu kuma da araha.
Na goge. Na rubuta ashirin.
Sai na ga Modi yana lashe bayan ludayi.

Talata na tafi Achida wurin Gwaggo Ige.
Tana sheƙa, ba ta ko ɗago kai ba.
"Mu da munka tashi, ba a kai dame ruhewa
sai ƙwaya ta yi ƙas ga haure.
Mai baƙi a tsince, mai tasowa bisa ruwa a zubar.
Hunhuna ɗiyar gaggawa ta."
Na ce, Gwaggo, lamba suke so.
Ta ce, "Lamba na shanya hatsi?"

Alhamis ta zo da zafinta, ba wuta a ofis.
Na sa ƙaramar lambar, hannuna na gumi.
Gurbin ya cika, maganata ba ta ƙare ba,
sai na bi gefen takarda da ƙananan baƙaƙe:
tamfol don shanya, kada a zuba a ƙasa,
katako a ƙarƙashin kowane buhu,
wanda aka ƙi, a saye shi, kada dare ya saye.
Shugaba ya duba, ya ce gefe ba ya shiga rahoto.
Na ce a bar shi dai, ko mai buga takarda ya karanta.

Da yamma na biya gidan ƙanwata.
Ta jiƙa geron gobe, Modi na rarrafe wajen ƙwarya.
Muna hira, na faki idonta,
na ɗebi tafi ɗaya daga buhun bayan ƙofa,
na ƙulle a leda, na sa a jaka.